An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Ga Mai Neman A Kori Keke Daga Titi

Wani abokina da ke koyarwa a Dutsin-Ma ne ya turo mini makalar da daddare, ya haɗa da tsokana, wai in karanta tunda ni ne uban 'yan keke. Na karanta har sau biyu. Malamin da ya rubuta ta ya iya alƙalami, kuma da gani ba da mugun nufi ya yi ba. Ya buɗe da labarin wani dattijo da ya tarar kwance a gefen titi a birnin Katsina, kekensa a lanƙwashe, buhun da ya ɗauro ya fashe, hatsi ya watse a kwalta. Duk mai imani zai ji abin da Malam ya ji. Inda muka raba hanya shi ne hukuncin da ya yanke bayan ya gama jin tausayin.

Ga abin da ya ce a taƙaice, kuma zan yi ƙoƙari kada in tauye masa magana. Titunan birni sun canja. An yi tagwayen hanyoyi da gadojin ƙasa, motoci sun ƙaru, sun kuma ƙara gudu, saboda haka keke ba shi da sauran gurbi a kansu. Masu keke ba su da lasisi, ba wanda ya koya musu dokar hanya. Suna hawa ba fitila, ba birki, su bi hannun da ba nasu ba, su ɗauro kayan da ya fi ƙarfinsu. A ganinsa jinƙai ne a hana su manyan tituna, hukumar kula da hanya ta jihar Katsina, KASSAROTA, ta riƙa kama duk wanda ya hau. Ya ƙara da cewa yayin komawa keke da ya biyo bayan tsadar fetur ci gaban mai haƙar rijiya ne, masu yaba shi kuma suna taya hukuma yi wa talaka rufa-ido. Sai ya rufe da samarin da ke sha'awar doguwar tafiya a kan keke, ya kama sunan na wajenmu, Safana da Batsari, ya ce zaman kashe wando ne ya yi musu yawa, kuma jefa kai ne ga halaka a ƙasar da ko mai mota bai tsira ba.

To, Malam, mu koma wurin dattijon nan tukuna. Me ya buge shi? Na bi makalarka layi-layi ina neman amsar. Na ga bayanin tsufan kekensa, na ga nauyin buhunsa, har launin rigarsa ka faɗa mana. Motar da ta kaɗe shi kuwa ba ta samu ko jimla ɗaya ba. Da wane gudu take tafe? Direban yana duban hanya ne ko waya? Ya tsaya, ko ya ƙara mai? Mai karatu zai ɗauka iska ce ta ɗaga tsohon ta maka da ƙasa. Ni dai a iya rayuwata a Tsaskiya da zamana a Katsina, ban taɓa bin jana'izar wanda keke ya take ba. Na bi na waɗanda mota ta take, har na daina ƙirga.

Lissafin a fili yake. Keke da mahayinsa da wuya su haura kilo 100, tafiyarsu kuma kilomita 15 ce ko 20 a awa. Ƙaramar mota ta fi tan ɗaya, ba a maganar tifa da tirela. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, shekara da shekaru rahotanninta na nuna gudun wuce sa'a a kan gaba cikin abubuwan da ke jawo haɗari a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma ce idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana gudun kilomita 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun kilomita 50 fiye da sau huɗu. Ƙa'idar ƙasar nan a cikin gari kilomita 50 ce. Ina roƙon Malam ya tsaya da safe a hanyar Dutsin-Ma, daga Ƙofar Kwaya zuwa Batagarawa, inda manyan makarantu suke jere, ɗalibai na tsallaka titi kamar tururuwa, ya ƙirga mini direba nawa ke tuna da wannan 50 ɗin.

Batun lasisi kuwa ya ba ni dariya, Allah Ya yafe mini. Idan lasisi ne ke hana haɗari, ai da asibitocinmu sun huta, domin masu lasisin ne ke cika su da majinyata. Takarda a aljihu ba ta taka birki.

Amma akwai inda gaskiya take wajen Malam, kuma ba zan yi masa rowar ta ba. Da yawa daga cikinmu masu keke muna wasa da rayukanmu. Ni kaina ina yaro na yi shekara ina tsayar da keke da silifa, in danna ƙafa a tayar gaba har takalmin ya cinye, sai ranar da na faɗa cikin kwandunan wata mai tumatir a gangaren kasuwa na gane birki ba ado ba ne. Mai keke da ya fito bayan magariba da baƙar riga, ba haske gaba, ba ja a baya, direba ba zai gan shi ba sai ya zo kansa. Mai bin hannun hagu yana fuskantar motoci, wai don ya riƙa ganinsu, ƙara wa karon ƙarfi kawai yake yi. Tun Afrilun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙin dama, keke ma ba a ware shi ba. Akwai masu kutsawa gefen tirela a kan kwana, wurin da direba ba ya ganin komai a madubi, gindin motar kuma yana shigowa ciki in ta juya. Akwai masu karya kwana ba su miƙa hannu ba, ba su waiwaya ba. Akwai masu liƙe wa bakin kwalta saboda tsoro, inda yashi ya taru, taya ta zame, ko a buɗe ƙofar mota a gabansu, ko mai Keke Napep ya ci birki ba zato don ya hango fasinja. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai wanne ne a ciki ya gagari magani? Robar birki ba ta kai kuɗin kwanon masara ba. Tocilar caji da ake ɗaurawa a kan keke tana nan a kowace kasuwar ƙauye. Jan ƙyalle mai ƙyalli na baya, ko rigar nan mai walƙiya irin ta masu aikin titi, duk araha ne. Hular kwano ce mai ɗan tsada, ita ma ta fi kuɗin ɗinkin kai sauƙi. Sauran kuwa koyarwa ce ta awa ɗaya da malamin firamare zai iya yi a filin makaranta. Idan aka kama motar haya ba birki, gareji ake tura ta ko kuwa dukan motoci ake hana wa titi? To don me maganin keke marar birki zai zama kora, ba bakanike ba?

Kuma a kore su zuwa ina? Wannan ce tambayar da makalar ta tsallake. Mai gadin da ke tasowa daga bayan gari, lebura, ɗalibi, ɗan aike a kasuwa, mutumin da ya ɗauro rogo ko itace daga ƙauyukan hanyar Batsari, wane lungu ne zai kai su inda za su ba tare da sun taɓa babban titi ba? Katsina birni ne mai ƙofofi, kowace ƙofa kuma babban titi ne ya ratsa ta. Hana keke waɗannan hanyoyi daidai yake da ce wa mutanen nan su zauna gida, ko su riƙa miƙa rabin abin da suka samu ga ɗan acaba. Gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023, da kuɗin jama'a aka yi ta, mai keke kuma yana cikin jama'a. A biranen Arewa in za a yi tagwayen hanya akan ware wurin fulawa a tsakiya, a kafa fitilu, a yi fenti, amma da wuya a tuna da taku biyu na gefe da mai keke zai bi. An yi ɗaki ba a bar masa ƙofa ba, yanzu ana zarginsa da shigowa ta taga.

Na san za a tuno mini da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran mutane su hau keke har wata bas ta ture shi cikin kwalbati a Abuja a 2001. An yi ta dariya, har yau ana yi. Darasin da muka ɗauka shi ne minista ya yi wauta. Ba wanda ya ce ashe titin babban birnin ƙasa bai da wurin da ko minista zai hau keke ya tsira. Mutanen Holan sun ga irin wannan, suka karanta shi daban. A 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a hanyoyinsu, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, rikicin man fetur na 1973 ya ƙara musu ƙarfi, aka shiga rage gudun motoci a unguwanni ana ware wa keke hanyarsa. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, Mark Rutte kuma da ya yi musu firayim minista daga 2010 zuwa 2024 a kan keke ya riƙa zuwa ofis. Ba haka aka haife su ba, gyarawa suka yi. In kuma Malam ya ce Turai da sanyi, to ga Wagadugu nan kusa, rana iri ɗaya da tamu, talauci iri ɗaya. Manyan titunanta da dama suna da hanyar gefe ta masu keke da babur, mata da maza na hawa ba wanda ke kallonsu, kuma tun 1987 ƙasar Burkina Faso ke shirya tseren keke da ake zuwa daga Turai a shiga.

Yanzu maganar ci-baya. A nan ne na gane Malam bai taɓa kwana a wajenmu ba. Yana magana kan komawa keke, mu kuwa yaushe muka bar shi? Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da Raleigh ɗinsa ya yi zirga-zirgar kasuwanni tsakanin Tsaskiya da Dutsin-Ma da Safana, ranar Juma'a a goge shi da tsumma har sai ya yi ƙyalli. A zamaninsu malamin makaranta da malamin gona da keke ake gane su, har masana'antar harhaɗa shi aka yi a Kano. Babur ya zo ya danne shi, gaskiya ne. Amma a tuna ƙarshen Agustan 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar matakan tsaro. Aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana da Dutsin-Ma, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Ba a jima ba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, namu na ciki. A watannin nan, wa ya kai saƙon rasuwa daga wannan ƙauye zuwa wancan? Wa ya je ya sayo wa mai naƙuda magani? Kekunan da aka jingine a zaure ne aka kakkaɓe, aka yi musu faci. Mutanen Maiduguri sun riga mu sanin wannan tun da aka hana babur a garinsu a 2011. Abin da ya tsaya maka ranar da komai ya tsaya bai cancanci ka kira shi abin kunya ba.

Ban wanke kowa kan tsadar fetur ba. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, albashi kuma bai bi ta da wannan gudun ba. Mai son ya yi faɗa da wannan ya yi, ina bayansa. Amma mutumin da ya duba aljihunsa ya ga kuɗin mai zai cinye na cefane, ya sayi keke, ba hukuma yake yi wa aiki ba, iyalinsa yake ceto. Ta yaya za a ce ana tausayinsa, sannan a aika a kama shi a shataletale?

Saura samarinmu da doguwar tafiya. A nan zan sassauta murya, domin tsoron Malam yana da tushe. Dajin Rugu a bayanmu yake. Mun binne mutane, mun haɗa kuɗin fansa, mun ga ƙauyuka sun tashi sun bar gonakinsu. Ko bayan zaman sulhun da aka yi a 2025 a wurare irin su Jibiya da Batsari da Safana, ba zan ce wa ɗan kowa ya ɗau keke ya nufi yamma, ya wuce Runka, don yawon buɗe ido ba. Amma duniya ba yamma kaɗai gare ta ba. 'Ya'yan yayana biyu da abokansu suna shirin fita ta Dutsin-Ma, su bi Kurfi zuwa Katsina su ga hasumiyar Gobarau, su ratsa Mani su ga Durɓi ta Kusheyi, su ƙarasa Daura su sha ruwan Kusugu. Yaran da suka tashi ba su san komai ba sai labarin hari da gudu, suna so su ga ƙasarsu da idonsu. Wannan ne zaman banza? Na tabbata da sun ce za su hau keken ne don taya wani mai mulki murna, da an tarbe su da kiɗa a kowane gari. A 2015 da Sulaiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja saboda nasarar Buhari, gwarzo aka kira shi, ba wanda ya tambaye shi aikin yi.

Tafiya mai nisa ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe, tsarinta ma mun gada. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna wata da watanni a hanya, cikin daji da 'yan fashi, ba ƙarfin hali kaɗai ya kai su ya dawo da su ba. Ayari suke yi, da madugu, da jagaba mai sanin hanya, kuma kafin a tashi an san zangon da za a sauka. Abin da na gaya wa yaran ke nan. Kada su gaza huɗu, kuma a samu babba ɗaya da in ya ce a tsaya za a tsaya. Kowane zango a san gidan da za a kwana tun daga gida. Kowace safiya a tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, domin su ne jaridar da ba ta makara. A tashi bayan asuba in gari ya waye, a fake daga rana tsaka har la'asar, magariba kuma ta riske su a cikin gari ko da tafiyar ba ta kai inda aka so ba. Su riƙe katin shaida da takardar mai gari mai hatimi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mamadou Safayou Barry, ɗan Gini da ya hau keke a 2023 ya nufi Jami'ar Azhar, ya yi kimanin kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi, kafin masu taimako su biya masa jirgi zuwa Alƙahira, inda aka ba shi gurbin karatu kyauta. Ana yawan faɗin wannan ɓangaren, a manta cewa sau uku ana tsare shi a hanya. Baƙon fuska a kan keke da ƙunshin kaya, a ƙasar da kowa ke zargin kowa da kai wa 'yan daji rahoto, dole ya kasance da abin da zai nuna a shingen 'yan sintiri.

Lokaci ma zaɓarsa ake yi. Ba mai hankalin da zai fita a Afrilu, zafi ya haura 40, ko cikin azumi. Bayan kaka ne daidai, daga Nuwamba zuwa Janairu, da rawani ko ƙyalle saboda ƙurar hunturu, da sanin cewa iskar daga arewa maso gabas take busowa, wato mai zuwa Daura da ita zai yi kokawa, a dawowa kuma ta tura shi. Keken kuwa na hana su wanda suka so, mai giya barkatai da aka kawo gwanjo, domin in wani abu ya karye a Mashi ba mai kayansa. Gara irin wanda kowane mai faci a gindin bishiya ya san cikinsa. A sa sabuwar taya da sabon birki, a shafa wa sarƙa mai, a ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka, in ba haka ba gwiwa ce za ta fara kuka kafin Kurfi. A riƙe tif biyu, faci, sholisho, famfo da sifana, saboda ƙayar aduwa da tsidau ba su san baƙo ba. Kaya a kan kariya, a raba nauyi dama da hagu, kada a goya a baya. Ruwa a sha tun ba a ji ƙishi ba, in jiki ya fara saki a haɗa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri. Guzuri kuwa dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki sun isa, fura tana nan a kowane gari. Na kuma gindaya musu sharaɗi: sai sun yi wata guda suna zuwa Dutsin-Ma su dawo da kayan a ɗaure, sannan su gwada Katsina, kimanin kilomita 60 daga can, kafin a yi maganar Daura.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tafiyar tasu, in faɗa wa Malam gaskiya, ba daji ba ne. Motocin haya ne masu cin hanya biyu, da tifofin yashi da ke wuce mai keke kamar za su shafe shi. Nan ma mun dawo inda muka fara.

Matsayina bai canja ba. Keke yana da haƙƙi a kan titi daidai da mota, kuma wanda ya fi nauyi da gudu shi ya fi ɗaukar alhaki. A tilasta ƙa'idar gudu a cikin gari, a yi tudun rage gudu a ƙofar makarantu da kasuwanni, a kwashe yashin gefen kwalta, duk sabon titi kuma a ware wa keke hanyarsa tun a takarda. Mai keken da aka kama ba birki ko ba fitila da dare, a tsayar da shi sai ya gyara, ni ma zan taya kamawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ranar keke tun 2018. In KASSAROTA na neman abin yi da masu keke, ta fito ranar ta raba musu jan ƙyalle mai ƙyalli, ta tara direbobi a tasha ta gaya musu tazarar da za su bari in za su wuce mai keke.

Malam kuma ina da keke na biyu a gida, birkinsa na ci, fitilarsa na kamawa. Ya zaɓi safiyar da ta yi masa, mu haɗu a Ƙofar Kwaya da ƙarfe 7, mu taka zuwa Batagarawa mu dawo. Ni zan bi ta gefen motoci, shi ya bi ta ciki.